Wa ya ji ɗuriyar wane?

Kusan kowane farkon wata akwai saƙon da ke shigowa wayata daga mutumin da muka ɗora wa sakatarcin ajinmu tun kanmu na baƙi wuluk, wanda har yau bai samu mai karɓarsa ba. Saƙon ba ya sauya kama. An yi wa wane aikin gwiwa, ya fara takawa da sanda. Wance ta samu jika na shida. Wane ya sayar da gidansa ya koma kusa da 'yarsa. Wane ya ce a gaishe ku, ido ne ya hana shi karatu a waya. Can ƙasa kuma, wani watan, sai a ga suna guda shi kaɗai a layi, da kwanan wata, da addu'a.

Ɗana ya taɓa leƙowa ta kafaɗata ya karanta, ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Baba, wannan ai rajistar asibiti ce. Ina labarin yake?" Ban tanka masa ba, don a shekarunsa ni ma abin da zan faɗa ke nan. Wanda ke da wurin zuwa kowace safiya, da mutanen da za su neme shi in ba su gan shi ba, ba zai gane dalilin da zai sa dattijo ya gyara zaman tabarau ya karanta labarin gwiwar wani har sau biyu ba. Ni kuwa na daɗe da daina ɗaukar wannan saƙo hirar marasa aikin yi. A ganina yana cikin 'yan igiyoyin da ke riƙe da tsofaffi da yawa a duniya. Sai dai muna tafiyar da shi a karkace. Masu bakin magana muke ji, waɗanda suka yi shiru kuma mun bar su da shirunsu, alhali saboda irinsu ne abin ke da amfani tun farko.

Ritaya ba albashi kaɗai take ragewa ba. Mutum ya yi shekara 30 ko 35 yana zuwa wuri guda, yana gaisawa da mutum goma sha kafin ya kai teburinsa, ana tsokanarsa, ana neman shawararsa, ana ɓata masa rai, bai taɓa lissafa wannan cikin abin da aiki ke biyansa ba. Ranar da ya miƙa makulli aka yi masa liyafar bankwana, kowa ya rantse zumunci ba zai yanke ba. Watan farko waya na ta ƙara. Wata na uku sai wanda ya gaje shi ya kira, yana tambayar inda wani fayil ya shiga. Shekara na zagayowa sai ya riƙa ɗaga wayar yana dubawa ko caji ne ya ƙare. Babu mugunta a ciki. Yawancin gaisuwar nan kujera ake yi wa, kujerar kuma tana nan daram, wani ne a kai.

Ɗan ajinka bai san ka da kujera ba. Ya san ka kana aron riga ranar ɗaukar hoto, ya san darasin da ka faɗi har sau biyu, yana nan daren da wasiƙar rasuwar mahaifinka ta iso kana kuka a ɗakin kwana. Ko farfesa ka zama ko janar, da sunan tsokanar da suka laƙaba maka yake kiranka, kuma dole ka amsa. Matarka ta same ka ne bayan ka fara zama mutum. 'Ya'yanka sun buɗe ido sun gan ka uba. Iyaye sun riga mu. Idan ka doshi 70, mutanen da za su iya ba da shaida cewa ka taɓa zama ɗan shekara 19 sun zama 'yan ƙalilan, kullum raguwa suke, kuma ba a haifar sababbi.

Masana sun auna wani ɓangare na wannan. A 1975 Harry Bahrick da abokan aikinsa a Amurka sun gwada mutum 392 a kan sunaye da fuskokin 'yan ajinsu na sakandare, wasu ba su daɗe da gamawa ba, wasu sun kusa shekara 50 da barin makaranta. Waɗanda ba su wuce shekara 15 da gamawa ba sun gane kusan kashi 90 cikin 100 na fuskoki da sunayen da aka nuna musu. Hatta waɗanda suka yi shekara 48 sun gane mafi yawa. Inda aka samu zubewa sosai shi ne da aka ce mutum ya zauna ya jero sunayen da ka, babu hoto, babu jerin suna a gabansa. Ashe mutanen suna nan kwance a ƙwaƙwalwa, mai tada su suke jira. Wannan shi ne aikin da saƙon sakatarenmu ke yi. Kuma shi ne haɗarin da ke ciki: sunan da aka daina rubutawa ba ya tasowa da kansa.

Na ga haka da idona a taronmu na cika shekara 40. Wani tsoho mai sanƙo da tumbi ya shigo yana waige-waige, muka bi shi da kallo, kowa na jiran wani ya fara. Na rantse ban taɓa ganinsa ba. Sai wata daga cikinmu ta faɗi wani abu, ya yi dariya, irin dariyar nan da ke farawa da tari ta ƙare da buga cinya. Mutum huɗu muka kira sunansa a tare. Shekara 40 sun cinye gashin da ƙugun, sun bar dariyar yadda take.

Wani zai ce to, wannan ai daɗin zuciya ne na masu abin, me ya haɗa shi da jama'a? Abin da ya haɗa su shi ne lafiya, da kuɗin da ake kashewa a kanta. A 1938 Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar ɗalibanta 268, cikinsu har da John F. Kennedy, wanda ya zo ya zama shugaban Amurka, daga baya aka haɗa da yara maza 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston. An bi su shekara da shekaru ana auna jininsu, ana tambayarsu aure da aiki da shaye-shaye, har yawancinsu suka mutu aka koma kan 'ya'yansu. Robert Waldinger, wanda shi ne na huɗu da ya jagoranci binciken, ya sha bayyana cewa gamsuwar mutum da alaƙarsa da mutane yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen da ke jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance yana ɗan 80. Gaskiya ne duk maza ne aka fara da su, kuma 'yan ƙasa ɗaya. Amma a 2010 Julianne Holt-Lunstad ta Jami'ar Brigham Young ta tattara sakamakon bincike 148 da suka shafi mutum sama da 300,000, maza da mata, ta samu cewa masu ƙarfin cuɗanya sun fi marasa ita damar kasancewa a raye, a tsawon lokacin da aka bi su, da kashi 50 cikin 100.

Gwamnatoci sun ji. Birtaniya ta naɗa Tracey Crouch ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici a Janairun 2018. Jafan ta yi irin wannan naɗi a 2021. A Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa haɗarin rashin cuɗanya ga rai ya kai na shan sigari har kara 15 a rana, kuma kafin shekarar ta fita Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kan batun. Ban raina ko ɗaya daga ciki ba, kuma ba na cewa kiran waya zai maye gurbin maganin hawan jini. Amma minista zai iya gina zauren shan iska na tsofaffi, ya ɗauki ma'aikacin da zai riƙa leƙa su ranar Talata. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya samo wa tsoho mutumin da ya san shi tun bai fara aske gemu ba. Wannan dukiyar tana nan an riga an tara ta, kyauta, a cikin rajistar kowace makaranta, ana barinta tana ruɓewa.

Akwai suka guda da na yarda da ita, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Labarin 'yan aji, in ba a yi hattara ba, fagen nuna isa ne. Harvard ɗin nan tana da wani littafi mai jan bango da ake buga wa kowane aji duk bayan shekara biyar, kowa ya rubuta inda rayuwa ta kai shi. Mujallar tsofaffin ɗaliban Jami'ar Princeton ta Amurka, wadda ake bugawa tun 1900, tana ware shafuka inda sakataren kowane aji ke kawo labarin mutanensa. Tsari ne mai kyau, kuma ina sha'awar ɗorewarsa. Amma kowane irin wannan shafi, babba ko ƙarami, yana da tambayar da ba a rubuta ba: me ka zama? Namu saƙonnin ina da su tun na takarda. Na shekarun farko duk ƙarin girma ne, da sabon muƙami, da ɗa ya shiga karatun likita. Babu wanda ya taɓa rubuto cewa an sallame shi, ko aurensa ya mutu, ko bashi ya yi masa katutu. Ba wai waɗannan ba su faru ba ne. Waɗanda suka faru da su ne suka daina rubutowa.

Ritaya tana gyara wannan, amma rabin gyara. Da aka ajiye muƙamai, harshe ya yi laushi. Tsohon babban darakta da wanda ya ƙare a matakin da ya fara, duk layi guda suke bi wurin likitan ido. Yanzu mutum na iya rubuta cewa yana jinyar matarsa da ta fara mantuwa, wasu uku su amsa cewa su ma haka, a yi musayar dabarun wanka da ba da magani waɗanda babu likitan da zai zauna ya koya maka. Waɗannan layukan sun fi duk sanarwar ƙarin girman da aka taɓa aiko mana daraja. Matsalar ita ce wanda ya fice tun lokacin gasar bai san an daina gasar ba.

Muna da irinsa. Shi ne ya fi mu duka kai, shi muke bi ɗakinsa daren jarrabawa. Bayan kamar shekara 15 da gamawarmu sai sunansa ya daina fitowa. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Wani lokaci a ƙarshen taro wani zai ce, "Wai wa ya ji ɗuriyar wane?" a ɗan yi shiru, a ce Allah ya sa lafiya, a wuce. Ni ma haka na riƙa yi, kuma laifina ya fi na saura, don mun yi shekara biyu ɗaki guda. Da na samu lambarsa ta hannun wani ɗan ƙanwarsa, sai da ta yi wata biyar a wayata ban taɓa ta ba. Kullum da uzurina. Me zan ce masa? In ya tambaye ni ina nake duk shekarun nan fa? In ba ya son a same shi fa?

Ranar da na kira, sai da ta kusa katsewa ya ɗauka. Na yi sallama, na faɗi sunana na takarda. Shiru. Sai na faɗi ɗaya sunan, wanda shi ne ya laƙaba mini.

"Kai! Mutumina, ashe kana raye?"

Na ce, "Ni zan tambaye ka. Ina ka shiga haka, ɗan'uwa?"

"Ina nan inda kuka bar ni."

Mun yi fiye da awa. Aikinsa ya rushe tun yana da sauran ƙarfi, ya yi ta faɗi-tashi, matarsa ta rasu, yana zaune da ƙaramin ɗansa yana gyaran tsofaffin rediyo don ɗebe kewa. Da na ce me ya hana shi ko layi ɗaya ya aiko wa sakatare, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "In rubuta me? Kowa na faɗin inda ya kai. Ni in ce ina?" Sannan ya fara tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya, yana bin jerin kujerun aji, daga gaba zuwa baya. Bai tsallake kowa ba. Biyar daga cikin waɗanda ya tambaya sun rasu, bai sani ba, ni ne na zama mai faɗa masa, biyar a zama guda.

Daga baya na ci karo da binciken da Peggy Liu ta Jami'ar Pittsburgh ta jagoranta a 2022, wanda ya haɗa mutum sama da 5,900. Sun samu cewa mai aika gaisuwa ga wanda suka daɗe ba su haɗu ba yakan raina yadda wancan zai ji daɗinta, kuma ratar ta fi faɗi idan gaisuwar ta zo ba zato. Watau duk wata biyar ɗin da na yi ina jan ƙafa, lissafi nake da ma'aunin da aka san yana ƙarya.

Kada kuma a ɗora wa na'ura laifi ko yabo fiye da ƙima. Neman tsohon ɗan aji na cikin abubuwan farko da mutane suka yi da intanet. An kafa Classmates.com a Amurka a 1995, Friends Reunited a Birtaniya a 2000, sannan Odnoklassniki na Rasha a 2006, wanda ma'anar sunansa ma 'yan aji ɗaya ke nan. Facebook kansa a 2004 tsakanin ɗaliban jami'a guda ya fara. Friends Reunited ya rufe a 2016, mutane suka koma wasu wurare. Samo mutum ya yi sauƙi ƙwarai. Amma zauren WhatsApp na 'yan aji, ga duk wanda ya taɓa zama a ciki, ya san yadda yake ƙarewa: mutum shida ne ke magana, biyu na turo maganin kowace cuta, biyu na faɗa a kan siyasa, sai a wayi gari a ga wane ya fita. Saura kuma suna nan kamar ba sa nan. Ganin lambar mutum a jerin zaure yana kwantar mana da hankali cewa yana tare da mu, alhali wataƙila wayar na hannun jikansa, ko shi yana gadon asibiti wata biyu. Da can da babu lambar, aƙalla mun san ba mu sani ba.

A nan ne nake da ƙorafi da makarantu. Su ke da rajista. Su suka san sunan kowa, har da matan da suka sauya suna bayan aure, waɗanda su ne suka fi saurin ɓacewa daga jerin aji a ƙasashe da dama. Amma ofishin tsofaffin ɗalibai, a yadda na gani, ba ya tuna ka sai yana neman gudummawa. Tawa makarantar ta gano sabon adireshina cikin 'yan makonni da na tashi, ta aiko mini takarda mai ƙyalli tana roƙon in sa hannu a ginin sabon zaure. Da na rubuta ina neman su taimaka mini in samo abokin ɗakina, amsar da na samu ita ce ba sa ba da bayanan mutane. Na yarda, bai kamata su bayar ba. To me zai hana su karɓi wasiƙata su tura masa, in ya so ya amsa? Wanda ya iya gano mai kuɗi zai iya gano marar shi, in yana so. Haka ma hukumomin fansho da ma'aikatun da ke shirya wa ma'aikata bita kafin ritaya. Ana kwana biyu ana koya musu yadda za su juya kuɗin sallama, ba a ware ko rabin awa a tambaye su: in ka daina zuwa nan, wa zai san ba ka fito ba yau?

Sai kuma mu kanmu. Duk wannan gini a kan wuyan mutum guda yake, a kusan kowane aji da na sani. Shi ke kira, shi ke bin ɗiya da mata in maigida ya daina ɗaukar waya, shi ke rubuta ta'aziyya, ba a biyansa, ba a ma cika gode masa ba, sai dai a yi masa tsiya in ya yi kuskuren suna. Namu ya girme ni da shekara biyu, hannunsa ya fara rawa, saƙon bana ya fi na bara kurakuran rubutu. A Princeton, a jerin gwanon da tsofaffin ɗalibai ke yi kowace shekara, akwai sanda mai kan azurfa da ake ba wanda ya fi kowa tsufa a ajin da ya fi daɗewa da gamawa cikin waɗanda suka halarta. Abin sha'awa ne. Amma da ni ake tambaya, sakatare zan ba sandar, don tsufa ba ƙoƙarin mutum ba ne.

Abin da muka yi a ajinmu ba wani abin a zo a gani ba ne. Mun roƙi sakatare ya ƙara sashe guda a ƙarshen saƙo, sunayen waɗanda aka yi shekara ba a ji su ba, kuma kowane suna a ɗora shi a kan mutum guda, ba a kan "jama'a" ba, don abin da aka bar wa kowa ba na kowa ba ne. Mun ce matan da mazan waɗanda suka rasu su zauna a jerin in suna so, tunda su ma shekara 40 suna jin sunayenmu a gidajensu. Wasu sun ce shisshigi ne, wanda ya ɓuya a bar shi ya ɓuya. Akwai gaskiya a nan, kuma mutum guda ya faɗa mana haka ƙarara, muka ba shi haƙuri muka ƙyale shi. Amma shi ya faɗa da bakinsa, ba mu muka yanke masa ba don mu huta.

A saƙon watan jiya, tsakanin mai gwiwa da mai jika, sunan abokin ɗakina ya fito karon farko cikin shekara 25. Layi ɗaya ne. Ya ce yana nan lafiya, kuma duk mai tsohuwar rediyon da ta ƙi magana ya aiko masa. Mutum uku sun riga sun ce suna da ita, ɗaya daga cikinsu na tabbata sai ya je ya nemo. A sashen ƙarshe saura suna huɗu. An ɗora mini na biyu, wata da ke zama a layin gaba kusa da taga, wadda babu wanda ya san sunan da take amsawa yanzu. Lambar da aka ba ni ba ta shiga. An ce tana da ƙane da ya yi aikin jirgin ƙasa, shi nake nema.